Akwatin kariya, faiba ko rediyo: wanne zai tsare na'urorin sadarwarka daga aradu?

Duk shekara, da zarar an yi ruwan farko mai tsawa, washegari masu gyaran na'urorin sadarwa ba sa samun zama. Ƙorafin kusan ɗaya ne. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet, tana kamawa, fitilarta na ci, amma kafar da aka soka kebul ɗin waje ta mutu. Ko suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutoci da juna, mai kafa 24 ya rasa 6 a jere. Ko kyamarar bakin get ta makance, na'urar naɗar hoto ta bi ta, har da talabijin ɗin da aka haɗa da ita ta wayar HDMI. Mai kaya kuwa yana ta rantsuwa cewa yana da sitabilaiza, yana da UPS, kuma ma babu wuta a unguwar lokacin da aka yi ruwan. Gaskiya yake faɗa. Ba ta soket ɓarnar ta shigo ba, ta kebul ɗin sadarwa ta biyo, wanda babu wanda ya taɓa yi masa kallon hanyar wuta.

Kafin a kwatanta magunguna, gara a san ciwon, domin sanin yadda wutar ke shiga kebul shi ne rabin zaɓin.

Ba sai aradu ta faɗa kan gininka ba. Matsakaiciyar aradu tana ɗauke da kusan amfiya 30,000. In ta sauka kan bishiya, hasumiya ko falwaya a kusa, wannan wutar tana bazuwa ne cikin ƙasa, kuma ƙasa ba ta ba ta hanya a sauƙaƙe. A yi lissafi: amfiya 30,000 da ta ratsa turjiyar om 10 tana haifar da bolt 300,000 a wurin da ta sauka, ƙarfin yana raguwa yayin da ake nisa da wurin. Ke nan a wannan ƙiftawar ido, ƙasar da ke ƙarƙashin ofishin shugaban makaranta da wadda ke ƙarƙashin ɗakin kwamfuta, mita 60 tsakaninsu, suna iya bambanta da dubban bolt. In akwai wayar jan ƙarfe da ta haɗa gine-ginen biyu, ta zama gada. Hanya ta biyu kuma ba ta buƙatar ƙasa: walƙiya tana tayar da maganaɗisu mai ƙarfi, duk doguwar wayar da ke shanye a sarari sai wuta ta taso a cikinta, kamar yadda eriya ke kama tasha.

Ita kafar Ethernet, wato ramin da ake soka kebul ɗin sadarwa, ba haka kawai aka bar ta tsirara ba. A bayan kowace kafa akwai ɗan mitsitsin tiransifoma da ke raba wayar waje da ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ƙa'idar IEEE 802.3 ta ce dole wannan rabuwar ta jure bolt 1,500. Wannan ya isa ga ƙananan tartsatsi na yau da kullum. Amma saƙon da ke yawo cikin kebul bai kai bolt 3 ba, kuma duk abin da ya tsallake wancan bolt 1,500 kai tsaye yake afka wa sassan da aka ƙera don bolt 3 ɗin. Kafofin da ke aika wuta ta kebul, waɗanda ake kira PoE, sun fi kowa shan wahala, don da'irar da ke ba da wutar tana gefen kebul ne, ba a bayan tiransifoman ba. Shi ya sa ɗan akwatin da ke ba kyamara ko rediyo, wato na'urar aika intanet ta iska, wuta yakan riga kowa mutuwa.

Sitabilaiza kuwa a cire ta daga lissafi. Aikinta daidaita wutar soket in ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuma kafin ta motsa an daɗe da gamawa: bugun da ake gwada na'urorin kariya da shi yana kai ƙololuwa cikin kashi 8 cikin miliyan na daƙiƙa, ya faɗo rabi a kashi 20. Bayan haka ma, kebul ɗin sadarwa bai bi ta cikinta ba.

Akwatin kariya na kan kebul

Wannan shi ne abin da yawancin mutane ke fara tambaya. Ɗan akwati ne mai kafa biyu, kebul ya shiga ta nan ya fita ta can, da wani kunne ko ƙusa a jikinsa inda ake ɗaura wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke ce wa atin. Ubiquiti suna da ETH-SP-G2, MikroTik suna da GESP, APC suna da ProtectNet, sannan ga na masana'antu irin na DEHN da Phoenix Contact, ga kuma tulin marasa suna a kasuwa.

Abin da ke ciki iri biyu ne galibi. Akwai ɗan bututu mai iskar gas a rufe, wanda ba ya wuce da wuta sai ƙarfinta ya kai wani mataki, sau da yawa wajen bolt 90, sannan ya yi tartsatsi a cikinsa ya zubar da ita ƙasa. Yana iya ɗaukar dubban amfiya, sai dai yana da ɗan nawa wajen farkawa. Akwai kuma diyod mai suna TVS, wanda ke farkawa nan take amma ba ya jure kaya mai nauyi. Akwati mai kyau yana haɗa su biyun: bututun ya ɗauki babban bugu, diyod ya share ragowar. Abin da ke cikin soket mai kariya na wutar gida, wato barista, ba a cika sa shi a layin bayanai mai gudu ba, domin yana dusashe saƙon.

In za ka saya, abubuwa uku za ka duba a jikin kwali. Na farko, ya kare dukkan wayoyi 8 na cikin kebul. Akwai masu araha da ke kula da 4 kawai, waɗannan suna mayar da layin gigabit zuwa megabit 100, ka yi ta zargin kamfanin intanet alhali matsalar tana bangonka. Irin wannan rage gudun ana yawan samunsa a kafofin kariya da ke bayan wasu UPS. Na biyu, in layin yana ɗauke da PoE, akwatin ya zama an yi shi don haka. PoE na ƙa'ida yana tafiya tsakanin bolt 44 zuwa 57, saboda haka akwatin da ke datse wuta a bolt 6 ko 7 zai ɗauki wutar kyamarar ita kanta a matsayin hari. Na uku, a ga an ambaci ƙa'idar da aka gwada shi a kanta, irin su IEC 61643-21 ko UL 497B, da yawan amfiyar da yake ɗauka.

To amma duk wannan ba shi ne asalin maganar ba. Akwatin ba ya shanye wuta, karkatar da ita yake yi. In babu inda zai karkatar da ita, ado ne kawai a bango. Na sha tarar da shi a manne da kebul, kunnen atin ɗinsa a sake babu ko zare, mai wurin kuma hankalinsa kwance. Na kuma sha tarar da an ɗaura shi da fil na uku na soket, alhali a gidaje da shaguna da yawa ramin na uku babu wayar da ta je masa, ko ta je amma ba ta kai ga wani rodi a ƙasa ba.

Ko da akwai rodin, tsawon wayar da ta kai gare shi yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wutar aradu tana tashi da sauri ƙwarai, kuma waya tana yi wa wuta mai saurin tashi turjiya ta daban, wadda mitar hannu ba ta nunawa. In wuta ta ƙaru da amfiya 1,000 cikin kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa, kowace mita ɗaya ta waya tana tara kusan bolt 1,000. Wayar atin mai mita 5, an kuma naɗe ragowarta kamar gammo don kada a yanke, ta riga ta cinye duk amfanin akwatin. Shi ya sa ake son wayar ta zama gajera, kusan rabin mita zuwa sandar atin ta gini, miƙaƙƙiya, mai kauri.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi rashin atin muni, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mutum ya ji an ce akwati na buƙatar atin, sai ya kafa masa sabon rodi nasa na kansa a bayan taga, bai haɗa shi da atin ɗin wutar ginin ba. Yanzu suwic yana tsakanin ƙasa biyu. In aradu ta faɗi kusa da sabon rodin, wutar za ta hau ta cikinsa, ta bi akwatin ta baya, ta shiga kebul, ta ratsa suwic tana neman ɗayan atin ɗin. Abin da aka sa don tsaro ya zama shi ne ƙofar. Ƙa'idar ita ce duk rodin da ke gini ɗaya a ɗaure su da juna da waya mai kauri, ta yadda in ƙasa ta tashi, komai ya tashi tare. Bambanci tsakanin wuri biyu ne ke ƙona kaya, ba tsayin bolt ɗin shi kaɗai ba.

Ƙasarmu ma tana da nata hali. Rairayi busasshe da marmara ba sa wuce da wuta da kyau, kuma tsawa mafi zafi takan zo ne a farkon damina, lokacin da ƙasa ta shafe watanni ba ta ga ruwa ba. Ƙa'idar kariyar aradu ta IEC 62305 tana son turjiyar atin ta kasance ƙasa da om 10, kuma ɗan guntun rodi ɗaya a cikin yashi da wuya ya kai nan. Akan buƙaci dogon rodi, ko biyu zuwa uku a jere an haɗa su. Gishiri da gawayi da ake zubawa a ramin suna rage turjiya na ɗan lokaci, sai dai gishirin yana cin ƙarfen, ruwa kuma yana wanke shi. A auna da mitar atin a lokacin rani, ba bayan an sha ruwa ba.

Ana sa akwatin ne biyu-biyu: ɗaya dab da na'urar waje, ɗaya a inda kebul ya shigo gini, kafin ya yi tafiya cikin silin kusa da sauran wayoyi. Kuma yana tsufa. Kowane bugu yana rage masa kwana, yawancinsu kuma ba su da fitilar da za ta gaya maka sun gaji.

Faiba

A nan babu karkatarwa, babu atin, babu lissafin om. Zaren gilashi ne, haske ke tafiya a ciki, wuta ba ta da abin da za ta bi. Gadar nan da ke tsakanin gine-gine biyu an cire ta ɗungurungum. Duk inda tambaya ta kasance yadda za a haɗa gini da gini, amsata faiba ce, kuma ban ga dalilin yin kwana-kwana a kai ba.

Abin da ake buƙata bai da yawa: kebul ɗin faiba, da na'urar juya saƙo a kowane gefe, wadda ke karɓar kebul na jan ƙarfe ta fitar da haske. In suwic ɗinka yana da ramin SFP, wato ramin da aka tanada don faiba, ko wannan ba ka buƙata, sai ɗan abin da ake zurawa a ramin. Kyauta ta biyu ita ce nisa. Kebul na jan ƙarfe yana tsayawa a mita 100, faiba mai faffaɗar zuciya, wato tsakiyar zaren da haske ke bi, tana kai gigabit har mita 550, mai siririyar zuciya kuwa kilomita 10 ba komai ba ne a wurinta. Ni mai siririyar nake zaɓa ko da tazarar gajera ce, don ita ce kamfanonin intanet ke ja zuwa gidaje, saboda haka kayanta da masu haɗa ta sun fi samuwa.

Mutane suna gudun faiba saboda tsoron injin haɗi mai tsada. Don tazarar makaranta, asibiti ko otal, ana sayar da kebul da aka riga aka sa wa kawuna daga masana'anta. Ka auna, ka ƙara 'yan mitoci, ka zura a bututun roba, ka soka.

Tana da nata sharuɗɗan. Babba daga ciki: ba kowace faiba ce marar ƙarfe ba. Wasu suna da sulken ƙarfe saboda ɓeraye, wasu suna da siririyar wayar ƙarfe a gefe don rataya a falwaya. Wannan ƙarfen yana ɗauko wuta har cikin ɗaki kamar kowace waya. Ka nemi wadda ƙarfinta na zaren roba da gilashi ne, in kana shakka ka kanga mata maganaɗisu. In dole sai mai sulke, a yanke ƙarfen a bakin shiga gini a ɗaure shi da atin. Sannan ba ta son lanƙwasa mai tsanani, kuma ƙurar hunturu a kan bakin kai ɗaya ta isa ta rage haske, don haka kada a cire murfin kan sai lokacin sokawa.

Babbar gazawarta ita ce ba ta ɗaukar wuta. Kyamarar da ke kan falwaya a ƙarshen fili tana buƙatar abin ci, faiba kuwa labari kawai take kaiwa. Ko dai a sami wuta a can, ko a kafa ɗan faifan sola da batir, ko a koma ga jan ƙarfe da akwatunan kariya. Kuma na'urorin juya saƙon suna shan wuta daga soket, wanda ke nufin ta wannan ɓangaren har yanzu a buɗe suke. Sai dai in sun ƙone, su kaɗai suka ƙone, ba su ja na ɗaya ginin ba.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai ga mai rediyo a kan hasumiya ko mai kyamarori da yawa a waje. Duk kebul ɗin da ya fito daga waje a tara shi a kan ƙaramin suwic mai araha, daga shi kuma a haɗa zuwa babban suwic da guntuwar faiba, ko da mita 2 ce. Ƙaramin ya zama ɗan sadaukarwa, manyan kaya suna bayan gilashi. Sai a kula kada a soka su duka a soket ɗaya marar kariya, in ba haka ba wutar za ta zagaya ta wayar lantarki ta iske su.

Rediyo tsakanin gini da gini

Inda titi ya ratsa tsakani, ko filin ba naka ba ne balle ka haƙa, sai a kafa rediyo biyu suna kallon juna, irin su NanoStation ko LiteBeam. Wannan ma ya yanke gadar jan ƙarfe, kuma cikin yini ɗaya an gama. Amma ana iya gudu ba a tsira ba: kowane rediyo yana zaune a sama, wurin da aradu ta fi so, da kebul mai PoE da ya sauko daga shi har cikin ɗaki. Ka kawar da doguwar waya ɗaya ka samu gajeru biyu masu kallon sama, kuma kowace tana buƙatar akwatinta da atin ɗinta. In tazarar ba ta da yawa, a manna rediyon a bango ƙarƙashin inuwar rufi maimakon ɗaga shi a kan dogon bututu. Masu aiki a zangon gigahaz 5 ba su cika damuwa da ruwan sama ba, masu 60 sun fi gudu amma mamakon ruwa yana raunana su. A kuma tuna bishiyar da ta yi sanƙo a watan Maris za ta cika da ganye a Agusta, ta tsaya a tsakiyar hanya.

Haka lissafin yake ga farantin Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023: na'ura ce a kan rufi da kebul mai wuta da ya shigo ɗaki.

Kebul mai sulke, wanda ke da takardar alminiyam da siririyar waya a cikin rigarsa, mutane da yawa suna ɗaukarsa maganin aradu. Taimako yake yi, ba magani ba ne. Yana zubar da wutar da busasshiyar iska ke tarawa a jikin rediyo, irin tartsatsin nan da kake ji in ka taɓa ƙofar mota da hunturu, yana kuma rage abin da walƙiya ke tayarwa a waya. Sai an sa masa kai mai ƙarfe, an kuma soka shi a abin da ke da atin na gaske. Ga na'urar kan rufi, shi ya kamata a ja. Tsakanin gini biyu kuwa sulken shi kansa wata gadar ce.

Saura hanya mafi araha, zare kebul in hadari ya taso. Tana aiki sarai, in an zare kebul ɗin sadarwar ne aka nisanta shi, ba kashe makunni kawai ba. Ga mai shago ɗaya da kebul ɗaya, babu laifi. Amma ruwa yakan zo da tsakar dare, kyamarar tsaro kuma ba a kafa ta don a kashe ta da duhu ba. Kuma in tsawa ta riga ta fara, a bar kebul ɗin, rai ya fi rauta.

Duk waɗannan ba su shafi aradun da ta faɗa kai tsaye kan hasumiya ko rufi ba. Wannan aikin sandar kama aradu ne da faffaɗar wayarta mai sauka ƙasa, kuma kada a ɗaure kebul ɗin sadarwa a jikin wannan wayar ko a ja su kafaɗa da kafaɗa, abin da na taɓa gani an yi don wai aiki ya yi tsaf.

In muka koma makarantar nan mai ofis da ɗakin kwamfuta, da kyamara biyu a bakin get da rediyo a kan tankin ruwa, ga yadda zan kashe kuɗin bi da bi. Da farko mai gyaran wuta ya auna atin na kowane gini, ya gyara, ya ɗaure rodunan kowane gini da juna, ya sa abin kariya a allon rarraba wuta. Sannan faiba marar ƙarfe tsakanin gine-ginen biyu. Kebul ɗin da bai fita daga gini ba, wanda ke tsakanin kwamfutoci da suwic a ɗaki ɗaya, ba zan saya masa komai ba. Kyamarori da rediyo su sami kebul mai sulke na jan ƙarfe zalla, ba alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ba, a binne shi cikin bututu maimakon shanya shi a iska, da akwati a kowane ƙarshe, su taru a kan ƙaramin suwic da ke bayan guntuwar faiba. A ajiye akwatin kariya ɗaya da abin ba da wutar PoE ɗaya a durowa tun watan Afrilu. In bayan wani ruwa ka ga layin da ke gudu a gigabit ya koma megabit 100, cire akwatin ka haɗa kebul kai tsaye ka gwada. In gudun ya dawo, akwatin ya karɓi bugu, sai a sauya shi kafin hadari na gaba.